Kajin Kirsimeti a Japan: yadda gidan abinci ke ɗaukar cinikin mako guda a wuni ɗaya

Duk ranar 24 ga Disamba, daga la'asar sakaliya, ƙofar rassan KFC, kamfanin soyayyiyar kaza na Amurka, a Tokyo da Osaka da Nagoya takan cika da mutane cikin rigunan sanyi. A gefen ƙofa ga mutum-mutumin tsohon nan mai farin gemu, Kanal Sanders, wanda ya kafa kamfanin, an sanya masa jar riga da jar hula. Kiristocin Japan ba su fi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, ranar ma ba ta hutu ba ce, amma cin soyayyiyar kaza a wannan dare ya zama musu al'ada. Talla ce ta haifi abin. KFC ta shiga ƙasar a 1970 da haɗin gwiwar kamfanin Mitsubishi, ta buɗe reshenta na farko a Nagoya. Manajan wannan reshe, Takeshi Okawara, shi ake jingina wa dabarar sayar da kaza a matsayin abincin Kirsimeti, daga baya ma shi ya shugabanci kamfanin a Japan. A 1974 aka baza tallar a faɗin ƙasa, ta zauna daram. An ƙiyasta iyalai kusan miliyan 3.6 ke cin kazar KFC a wannan lokaci. A 'yan kwanakin Kirsimetin 2018 kaɗai kamfanin ya yi cinikin yen biliyan 6.9, cinikin ranar jajibere kuwa yakan ninka na sauran ranaku sau 5 zuwa 10.

Har ninki goma ke nan a kicin ɗin da bai ƙaru da ko taku ɗaya ba. Tukwanen suyar jiya su ne na yau, ƙofar shiga ita ce dai guda ɗayar. Duk da haka layin yana motsi, kaza na fitowa da zafinta. Dalili kuwa, da yawa daga cikin waɗanda ke tsaye a wurin ba ciniki suka zo yi ba. Sun riga sun yi odarsu tun watan Nuwamba, an ba kowa rana da sa'a, karɓa kawai ta kawo su.

Kafin a raina wannan dabara, a dubi abin da ya sami kamfanin nan dai a ƙasarsa ta haihuwa. Ranar 5 ga Mayun 2009, Oprah Winfrey, wadda shirinta na talabijin ke cikin waɗanda aka fi kallo a Amurka a lokacin, ta sanar cewa duk mai so ya shiga intanet ya fitar da takardar da za ta ba shi gasasshiyar kaza yanka 2 da abin haɗawa, kyauta, a KFC. Aka sauke takardu sama da miliyan 10. Rassa suka cika maƙil, kaza ta ƙare a wurare da yawa, wasu masu rassan suka ƙi karɓar takardar, aka yi ta cacar baki a bakin kanta. Cikin kwana biyu shugaban kamfanin, Roger Eaton, ya fito ya ba da haƙuri, aka dakatar da rabon, aka ce kowa ya cike fom a aiko masa da wata takardar da zai yi amfani da ita nan gaba. Maganar sai da ta kai kotu, aka sasanta a kan dala miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai. Kamfani ɗaya ne, kaza ɗaya ce. A Japan shi ke gaya wa mai saye lokacin da zai zo. A Amurka kuwa gayya aka yi ba a auna tukunya ba.

Tsukin mazurari

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai awon man gyaɗa ko kananzir ya san mazurari. Ko garwa guda ka tuttula a sama, abin da tsukin ƙasa ya bari shi kaɗai zai shiga kwalba, sauran ya tumbatsa ya malale. Kowane gidan abinci yana da irin wannan tsukin, wato matakin da ya fi kowane jinkiri, wanda duk aikin gidan ke tafiya da takunsa. A gidan kaza, tukunyar suya ce.

KFC ba a buɗaɗɗen kasko take suya ba. Tukunya ce mai murfin da ake ɗaurewa gam, tururi ya matse a ciki, dabarar da Sanders ya kama tun wajen 1939 a ɗan gidan abincinsa na Corbin, a jihar Kentaki, don ya rage wa matafiya jira. A Japan ana raba kaza ɗaya yanka 9, a turbuɗa ta a fulawa da kayan ƙamshi da hannu a cikin reshen, a soya kimanin minti 15. Mintocin nan ba sa jin lallashi, ba sa jin tsawa. Ko shugaban kamfani ne ya tsaya a kan tukunyar yana duba agogo, in aka buɗe kafin lokaci za a tarar da jini a jikin ƙashi. Naman kaza sai zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas kafin a amince ƙwayoyin cuta irin su salmonela sun mutu, kuma ranar garaɓasa ba ta canza wannan ƙa'ida.

Mu ƙaddara wani reshe yana da tukwane 4, kowace na cin kaji 4, wato yanka 36. Suya minti 15, lodi da kwashewa da tace mai a ba su minti 5, zagaye ɗaya ya zama minti 20, sau 3 ke nan a awa. Tukwane 4 sau yanka 36 sau zagaye 3, yanka 432 a awa. In bokitin iyali yana cin yanka 8, reshen nan bokiti 54 yake iya fitarwa a awa guda, ko ma'aikata 10 ne a ciki ko 40. To yanzu a ce mutum 200 sun taso daga aiki sun dira ƙofar tsakanin ƙarfe 5 da 6 na yamma, kowa na son bokiti ɗaya. Sai an kusa awa 4 kafin a sallami na ƙarshensu. Amma reshen nan dai, in ya fara suya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 9 na dare ba tare da tukunya ta huce ba, zai fitar da bokiti kusan 600. Ashe kazar ta isa, tukwanen ma sun isa. Matsalar ita ce kowa yana son tasa a sa'a ɗaya.

Abin da tsarin oda tun da wuri yake yi shi ne ya ɗauki wannan tulin mutanen ya baza su a kan wunin. Ana yanka ranar gida-gida, a ba kowane gida adadin bokitin da tukwane za su iya. Gidan ƙarfe 6 ya cika, sai a rufe shi, mai zuwa daga baya ya zaɓi ƙarfe 3 ko ƙarfe 8, ko ya koma 23 ko 25 ga wata. Har ɗan rangwame akan yi wa wanda ya yi oda da wuri, kuma kuɗin da aka rage masa bai tafi a banza ba: labari aka saya da shi. Manaja ya wayi gari ya san bokiti nawa zai fitar a kowace awa, ba hasashe yake yi ba.

Mu ma nan mun san wannan, suna ne kawai ba mu sa masa ba. Mai ƙosai a watan azumi ta san duk unguwa za ta taso mata a rabin awar ƙarshe kafin magariba, kaskonta kuma guda ɗaya ne. Shi ya sa take ɗora mai tun bayan la'asar, yara kuma su jera kwanuka da kuɗi a ciki su tafi wasa. Kwanon nan da ke riƙe wa yaro layi shi ne odar da ɗan Japan ke yi ta waya.

Wani zai ce me zai hana a soya komai tun asuba a jibge? Akwai akwatin ɗumi da ake ajiye soyayyiyar kaza, yana riƙe ta sama da digiri 60, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Akwatin yana ba kicin damar yin gaba da layi da 'yan tire, kamar randar da ke tara ruwa kafin famfo ya ɗauke. Sai dai kowane tire yana da wa'adi, ana rubuta masa lokacin da ya fito, in ya wuce sai shara. Soyayyen dankalin turawa ya fi kaza gajen haƙuri: a McDonald's minti 7 aka san ana ba shi kafin a zubar. Saboda haka mai kula da suya yana tafiya ne a kan siraɗi. Ya yi gaba da yawa a yi asara, ya yi baya layi ya tsaya.

Abin da ya sa layi ke fashewa farat ɗaya

Akwai wani abu game da layi da ke ruɗar manajoji da yawa. Sai ka ga gida yana tafiya lafiya lau, mutane suka ɗan ƙaru kaɗan, kafin ka ce kwabo layi ya kai titi. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, shi ya fara warware wannan a 1909, yana aiki da kamfanin tarho na Kopenhagen, yana neman sanin layukan waya nawa za su ishi gari. A mafi sauƙin lissafin da ya fito daga aikinsa, in kashiya tana sallamar mutum ɗaya a minti ɗaya a matsakaici, mutane kuma suna zuwa ba bisa tsari ba, to idan mutum 30 ke zuwa a awa, jiran kowa minti 1 ne. In suka zama 48, jira ya koma minti 4. In suka kai 54, minti 9. A 57, minti 19. Daga 54 zuwa 57 mutum uku kawai aka ƙara, jira ya ninka. Haka yake faruwa saboda mutane ba sa zuwa a jere kamar carbi, gungu-gungu suke zuwa, kuma kashiyar da ba ta da sararin numfashi ba ta samun damar cinye gungun farko kafin na biyu ya iso.

Shi ya sa manajan kirki ba ya tsara ranar garaɓasa a kan cewa kowa zai yi aiki iya ƙarfinsa daga safe har dare. Yakan bar rara da gangan. Mai gidan da ya leƙo ya ga ma'aikaci ɗaya tsaye ba ya komai na minti biyu ya ce ana cin kuɗinsa a banza, bai san wannan tsayuwar ce ke hana layinsa kaiwa titi ba.

Lissafin ya kuma nuna inda riba take: a rage wa kowane mai saye 'yan daƙiƙu. Babu kuma abin da ke cin daƙiƙu kamar zaɓi. Mutum ya iso kanta ya ɗaga kai yana karanta allo, ya tambayi matarsa, ya canza shawara. A kwanakin Kirsimeti rassan KFC da yawa a Japan sukan taƙaita abin da suke sayarwa, a ajiye wasu nau'o'in gefe, a bar bokitin biki da 'yan abubuwa kaɗan. Bokitin kuwa an riga an yanke abin da ke ciki: kaza, abin haɗawa, kek. Kek ɗin da salak ba sa bi ta tukunya, tun da wuri ake shirya su a jera.

Wannan darasi tsoho ne, shi ya haifi sana'ar gaba ɗayanta. A 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu na San Bernardino a Kalifoniya na wata uku, alhali yana kawo kuɗi. Da suka sake buɗewa sun rage jerin abincinsu daga 25 zuwa 9, sun kori faranti da cokula, sun mai da farashin hambaga senti 15. Har zanen kicin suka riƙa yi da alli a filin wasan tanis, ma'aikata suna kwaikwayon aiki a kai, don a ga inda mutum zai yi karo da ɗan'uwansa a gyara. Kowa aka ba shi abu ɗaya: wannan gashi, wancan shafa miya, wancan naɗi. Ranar garaɓasa komawa ce ga wannan asali, a ƙara tsananta shi.

A ranakun da ba cunkoso, ma'aikaci ɗaya yakan karɓi oda, ya juya ya zuba lemo, ya ɗauko kaza, ya ba da canji. Ranar cunkoso wannan juye-juyen shi ne ajalin layi. Ana kafe kowa a wuri ɗaya. Mai turbuɗa kaza a fulawa ba ya taɓa komai sai ita, wanda hakan ma kariya ce, tunda hannun da ya taɓa ɗanyen nama bai kamata ya kusanci dafaffe ba. Mai tukunya idonsa a kan agogo. Mai haɗa oda yana cika bokiti. Akwai kuma wanda aikinsa kawai ɗauko kaya ne daga sito, kwali ya kusa ƙarewa ya kawo, ƙanƙara ta yi ƙasa ya ƙaro, don kada mai tukunya ya bar tukunya. Gwanaye ake sakawa a tsukin mazurari, sababbin hannu a ba su abin da ake koya a minti goma, kamar ninke kwali, share tebur da tsare layi. A Japan har ma'aikatan hedikwata da manyan shugabanni sukan bar ofis su sauko rassa a wannan rana. Ba suya ake ba su ba. Kyawun hannun aro shi ne ya 'yantar da gwani.

Kicin irin wannan da baki yake tafiya. Mai akwatin ɗumi ya ɗaga murya ya ce saura tire biyu na cinya, mai tukunya ya amsa ya ji, ya faɗi mintin da ya rage masa. Maganar da ba a amsa ba ana ɗaukar ta ba a faɗa ba.

Manajan kansa fa? A ganina nan ne aka fi gane wanda ya iya. Manajan da ya ga an matsu ya naɗe hannun riga ya kama suya, kowa zai yabe shi da ƙanƙan da kai, amma ya bar gidan ba ido. Tsukin mazurari ba ya zama wuri ɗaya. Da ƙarfe 4 tukunya ce, da ƙarfe 6 ya koma teburin haɗa oda, da ƙarfe 7 ya koma ƙofa inda masu karɓa suka cakuɗe da masu saye. Sai wanda hannunsa ke sake ne zai hango ya ɗauke mutum ɗaya daga nan ya kai can. Kamfanin abinci na Chick-fil-A na Amurka, inda ake iya saye daga cikin mota, ya yi suna a wannan fanni. Maimakon motoci su jira su iso taga ɗaya, ma'aikata ke fita da ƙananan kwamfutocin hannu suna bin layin, suna karɓar oda da kuɗi tun mota tana nesa. A Janairun 2021, da layin motocin masu karɓar allurar korona ya cushe a garin Mount Pleasant na jihar Karolina ta Kudu, magajin garin manajan wani reshen Chick-fil-A ya kira. Ya zo ya duba, ya gano wurin tantance sunaye ne ya toshe, ya ƙara hannu a wurin, jiran da ya kai awa guda ya sauko wajen minti 15.

Abin da ake yi kafin a buɗe ƙofa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kazar da ake soyawa a irin waɗannan gidaje 'yar kwana 40 ce ko kusa da haka, ƙwai kuma kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Ke nan kazar da za a ci ranar 24 ga Disamba, an kwantar da ƙwanta tun ƙarshen Oktoba, ko ma kafin nan. Duk manajan da ya gano ranar 20 ga wata cewa kazarsa ba za ta isa ba, babu wayar da zai buga ta ƙyanƙyashe masa wata. Hasashen ciniki daga littafin bara ake fara shi, awa bayan awa, sannan a duba ranar mako da bikin ya faɗa, a duba yanayin sama, a duba yawan odar da ta riga ta shigo.

Hasashe kuwa yana iya cin mutum ta inda bai zata ba. A gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjalas, McDonald's ta raba katunan kankarewa: in Amurka ta ci zinare a wasan da ke katinka ka sami hambagar Big Mac kyauta, azurfa dankali, tagulla lemo. A gasar 1976, ta ƙarshe da Amurka ta halarta kafin nan, lambobi 94 ta samu, 34 na zinare. Sai Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta suka ƙaurace wa gasar 1984, Amurka ta kwashe lambobi 174, 83 na zinare, kamfanin ya yi ta rabon abin da bai yi niyya ba. A Oktoban 2017 kuma kuskuren ta ɗaya gefen ya zo. McDonald's ta yi shelar dawo da wata miyar dangwale ta kwana ɗaya, matasa suka yi dafifi, alhali wasu rassan ƙulli 20 kacal aka kai musu. A wasu wuraren sai da 'yan sanda suka zo.

Ko kaya sun wadata, hanyar da za su bi ma abin dubawa ce. A Fabrairun 2018 KFC ta Birtaniya ta karɓe aikin rarraba kaji daga kamfanin Bidvest ta ba DHL, wanda ya tattara komai a rumbu ɗaya a garin Rugby. Cikin 'yan kwanaki sama da rassa 600 daga cikin kusan 900 suka rufe don babu kaza. Wannan ba ranar garaɓasa ba ce, amma ta koya wa masu sana'ar kada a gwada sabon abu a bakin babbar rana, ko sabon mai kawo kaya, ko sabuwar manhajar karɓar kuɗi, ko sabon tsarin kicin. Abin da ke tsayar da gida kuma sau da yawa ba kaza ba ce. Murfin bokiti ne, ko leda, ko takardar rasit da ta ƙare a na'ura.

Zamani ya ƙaro wani layin da ido ba ya gani. Layin ƙofa yana da birki na kansa, domin mutum ya hango tsawonsa yakan juya ya tafi. Mai oda ta waya daga kan gadonsa ba ya ganin komai, latsawa kawai yake yi, mutum dubu su latsa a minti ɗaya. A watan Yunin 2021, ranar da McDonald's ta fito da wani abinci mai ɗauke da sunan wata fitacciyar ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu a Indonesiya, masu baburan kai saƙo na Gojek da Grab suka cika rassa har ba masaka tsinke, a tsakiyar annobar korona. Hukumomi suka rufe rassa da dama a Jakarta da Semarang. Maganin wannan a hannun manaja yake in an ba shi iko: ya taƙaita yawan odar waya da za ta shigo a kowane kwata na awa, ko ya kashe ta ɗungurungum na ɗan lokaci, ya kuma ware wa masu babura ƙofarsu da teburinsu.

A biranenmu ma gidajen nan sun yawaita, tun daga Mr Bigg's da kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986 zuwa Chicken Republic da ta biyo baya a 2004, kuma yammacin ranar Sallah shi ne jajiberen Kirsimetinsu. Sai dai manajan nan yana da mazurari biyu da takwaransa na Tokyo bai cika tunani a kai ba. Na farko wuta. Tukunya da firiza da akwatin ɗumi duk a kan janareta suke, man dizal ɗin ranar yana cikin kayan miya. Na biyu biyan kuɗi. Kaza ta fito, an naɗe, amma kashiya na cewa, "Hajiya ki yi haƙuri, alat bai shigo ba tukuna," mutum goma sha biyar na bayanta suna huci. Gidan da ya san aikinsa yakan tanadi na'urar POS ta banki fiye da ɗaya, ya tara canji tun jajibere, ya kuma ware gefe guda inda mai jiran tiransifa zai tsaya don layi ya ci gaba.

Sauran aikin a zuciyar mai jira yake. Jiran da aka gaya wa mutum tsawonsa ya fi sauƙin haɗiya a kan wanda ba a ce masa komai ba, ko da na farkon ya fi tsawo. Babu kuma abin da ke tunzura layi kamar mutum ya ga wanda ya zo bayansa ya karɓa ya wuce. Shi ya sa ake raba layin masu oda da na masu saye a take, a sa alama babba, kowa ya ga dalilin da wancan ya riga shi. In kuma lissafi ya nuna abin da ya rage ba zai kai ƙarshen layi ba, aiki mafi ɗaci kuma mafi amfani shi ne wani ya fita ya ƙirga kawuna, ya tsaya a bayan na ƙarshen da kaza za ta isa, ya gaya wa sauran gaskiya tun ba su ɓata awa guda ba. Abin da ya fusata jama'a a 2009 da 2017 ke nan: sai da suka iso kanta aka ce musu babu.

Akwai wani farashi da tallar ba ta nunawa. Mutumin da ya yi awa 6 tsaye a gaban mai mai zafin da ya haura digiri 170, ba hutu ba ruwa, hannunsa zai fara kuskure, kuskure a wurin kuma ƙuna ce ko santsi a kan tayil mai maiƙo. Hutun ma'aikata a irin wannan rana rubuta shi ake yi a allo tun da safe, ɗaya bayan ɗaya, kafin cunkoso ya kankama, a kuma riƙa sauya mai tukunya da wani gwanin. Manajan da ya ce a bari sai an sarara, ba za a sarara ba sai dare.

Bayan an rufe ƙofa ana tace mai, a wanke tukwane, a auna abin da aka zubar. Sannan manaja ya zauna da littafi tun abin yana sabo a ransa: ƙarfe nawa layi ya fi tsawo, wane yanka ne ya fara yankewa, mutum nawa suka yi oda ba su zo karɓa ba, wane gida na awa ne aka cika wa kaya fiye da ƙarfin tukunya. Washegarin Kirsimeti Japan takan kwashe kayan adon bikin ta juya ga shirin sabuwar shekara, a cire wa Kanal jar rigarsa ya koma farar kwat ɗinsa. Shafin da manajan ya cike a daren shi za a buɗe idan kaka ta zagayo, lokacin da za a gaya wa masu gonakin kaji ƙwai nawa za su kwantar.